Mr Bean ko Gidan Badamasi? Amsa ga Maman Ilham

Maman Ilham tunda Hajiya za ki tura ma wa a memori kuma kin ce ɗaya kaɗai zai shiga, ki sa mata Gidan Badamasi kawai ki huta, Mr Bean ki bar ma su Ilham.

Duka biyun ina da su a filashin da muke maƙala ma talabijin in an kawo wuta, to ba jin labari na yi ba. Gidan Badamasi tun 2019 da Arewa24 ta fara haska shi muke bin shi, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Magaji Mijinyawa kuma shi ne Alhaji Badamasi, tsohon attajiri mai hannun jarirai da ya yi ta aure-aure yana barin ɗiya nan da can, sai da girma ya kama shi sannan suka taru mashi gida ɗaya kowa da irin halin da ya taso da shi, kuma duk idonsu na kan aljihun tsoho. Dariya kam akwai ta har ciki ya ƙulle, ga rowar Alhaji ga dabarun yaran na tatsar shi da kullum ke rushewa a kansu. Amma in kin natsu za ki ga abin da ake ma dariyar ba abin dariya ba ne, 'yan uwa ne uba ɗaya da ba su shaƙu da juna ba, ba mai cewa Baba da daɗin baki sai in yana son wani abu, shi kuma tsohon ga gida cike da jininshi amma ba wanda ya yarda da shi a cikinsu. Wa ya jawo? Shi ɗin dai. Kuma ba wanda zai tsaya ya yi maki wa'azi a kan auri-saki, da kanki za ki gano.

Gwaggona ta zo daga Daura ganin likita ta yi kwanaki wurinmu nan Ƙofar Marusa, muka kunna mata bayan isha'i. Tun tana cewa a rage ƙara har ta jawo tabarma gaban talabijin tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Da aka zo wani wuri da yaran ke ta cacar baki kan kuɗi tsohon na zaune yana kallonsu, sai muka ji ta yi tsit. Can ta ce kun ga wannan gida, haka namu yake. Ashe tana goye aka saki mahaifiyarsu, wurin kakarta ta tashi, babansu sai da salla take ganin shi, akwai yayanta da ba ta taɓa sa shi a ido ba sai ranar zaman makokin tsohon, ya shigo tana shirin ja mashi mayafi a matsayin baƙo. Ni da na girma gabanta ban taɓa jin wannan labari ba wallahi. Aka ɗauke wuta ma ba wanda ya tashi, ta ci gaba da ba mu labari da hasken tocilar waya har sha biyu ta gota. Washegari ita ta fara cewa a sa na gaba.

Ba wai ba shi da aibu ba, hayaniya ta yi mashi yawa wani lokacin kowa na magana a tare, kuma a ganina zangunan baya sun ɗan ja labari. Duk da haka Hajiya za ta ga mutanen da ta sani a ciki.

Mr Bean kuwa to, ba laifi. Rowan Atkinson gwani ne, kusan ba ya magana don haka ba ruwan mai kallo da jin Turanci. Ban ce babu tausayi a ciki ba, mutumin da ke aika ma kanshi katin gaisuwa kuma babban abokinshi 'yar tsana ce ai abin a tausaya mashi ne, sai dai kafin abin ya taɓa ki ya riga ya ɓaro wata ɓarnar an wuce wurin. Kallo biyu kin haddace shi. Ga kuma wurin da wandonshi ya saɓule a wurin ninƙaya, ki yi tunanin kina zaune gefen surukarki aka zo nan.

Sai ki yi hattara da masu tura fim. Mr Bean na asali kashi 15 ne kacal, wanda aka yi a Ingila daga 1990 zuwa 1995, duk wanda ya ce maki yana da zango biyar ko shida to katun ɗin da aka fara a 2002 ne zai loda maki, ko ya yanyanka guda ɗaya gida huɗu ya canza masu suna ya caje ki kuɗin kowane. Wani yaro a bakin kasuwa ya taɓa saida mani memori an rubuta 32GB a jiki, sunayen finafinan duk sun fito reras, da na je gida rabinsu ba ya buɗewa, na koma ya rantse wai wayata ce ke da bairos. Gidan Badamasi ma suna tsallake kashi a tsakiya don sun san ba mai ƙirgawa. Kada ki miƙa kuɗi sai ya kunna maki na farko da na tsakiya da na ƙarshe a wayarki ba a kwamfutarshi ba, ki ja kowane zuwa ƙarshe ki ga ya kai. Kuma ki duba sauran foldojin, suna cusa bidiyon rawa a matsayin gyara, kada ki kai ma Hajiya abin kunya da hannunki.

Ki ce ya fara maki daga zango na ɗaya, in aka faro daga tsakiya ba za ta gane wane ne ɗan wace ba.