Alƙalamin Samsung Tab S6 Lite bayan wata takwas ina zanen ƙunshi da shi

Ni mai ƙunshi ce a nan Yelwa cikin Bauchi, kuma da can a littafin makaranta nake zana fulawowina da biro, amarya ta zo in buɗe mata ta zaɓa, to amma kun san halin littafi a gidan yara, yau lalle ya zube a kai gobe an yage shafi biyu. Ƙanena da yake karatu a jami'ar ATBU ne ya ce min Yaya ki nemi tabilet mai alƙalami mana, ni kuma sai na yi gaggawa na shiga wani shago na sayi irin alƙalamin nan mai kan roba da ake sawa a waya, mai shagon har da rantsuwa wai zai yi min zane. Wallahi bai da maraba da yatsana. Ko na danna da ƙarfi ko na shafa a hankali layin kauri ɗaya yake fitowa, fulawar ta fito kamar an yi ta da ashana, raina ya ɓaci sosai don kuɗin ƙunshin mutum biyu na zuba a ciki.

Daga baya muka samu Tab S6 Lite na hannu, wanda Samsung ta fitar a 2020, da alƙalaminsa S Pen a cikin kwalin. Nan ne na gane abin da ake nufi da alƙalami mai jin nauyin hannu. Shi yana gane matakan dannawa har 4,096, kuma fasahar Wacom, kamfanin da ke yin alƙaluman zane, ce a cikinsa, ba ya da batir ba ya neman caji, sikirin ɗin ne da kansa yake ba shi ƙarfin da yake aiki da shi. Wannan kaɗai ya ishe ni, saboda sau nawa aka ɗauke wuta na kwana da fargabar abin da zan yi caji da wanda zan bari.

Ranar farko na buɗe manhajar zane ta ibisPaint na ce bari in gwada ganye ɗaya. Na fara da shafa kamar gashi, na ɗan ƙara nauyi a tsakiya cikin ganyen ya buɗe ya yi ƙiba, na sassauta hannu wutsiyar ta zo siririya ta ɓace, daidai yadda nake yi in ina matsa ledar lalle a bayan hannun amarya. Na daɗe ina kallon ganyen nan kafin na zana na biyu. Sannan ina iya kwantar da gefen hannuna a kan gilashin ba tare da ya ɓata zanen ba, ga kuma saitin da kike zana gefe ɗaya ɗayan gefen ya fito da kansa iri ɗaya, wanda don zanen tafin ƙafa da tsakiyar hannu ba ƙaramin sauƙi ya kawo min ba. Sai dai ki shiga saitin manhajar ki daidaita nauyin da hannunki, ni hannuna mai sauƙi ne sai da na rage kafin layin ya riƙa yin kauri ba tare da na matsa da yawa ba.

Inda ban ji daɗi ba, gilashin santsi gare shi, makon farko alƙalamin sulɓewa yake yi. Na sa ledar sikirin mai ɗan kaushi irin ta takarda, riƙon ya yi daɗi amma ita kuma cin bakin alƙalamin take yi, nawa har ya fara lanƙwasa gefe, kuma da hunturu in ba ki goge ƙura ba za ki ji yana ƙarar yashi a ƙasa. Maganaɗisun da yake manne alƙalamin a gefen tabilet ɗin ma ba shi da ƙarfi can, sau biyu ina tsinto shi a ƙasan jaka cikin kayan lalle. In kika zaɓi burushi babba a manhajar kika ja da sauri kuma layin yana ɗan biyo baya.

Wata ƙawata a Gombe iPad take amfani da shi da manhajar zane ta Procreate, zanenta na fita da kyau ƙwarai, amma nata alƙalamin caji yake so kuma daban ake sayensa. 'Yan uwa masu son bin hanyarta ku lura, alƙalamin iPad ɗin nan Apple Pencil mai USB-C na 2023 ba ya jin nauyin hannu, kar a ce muku duk ɗaya ne. Kafin ki biya kuɗi ki ce a kunna miki a shagon, ki ja layi ɗaya daga shafa zuwa dannawa ki ga ko ya sauya kauri.

Asabar ɗin nan ina da amarya da ƙawayenta shida, tun jiya na tura musu zane goma sha biyu ta WhatsApp, har amaryar ta zaɓi mai ganyen nan ta ce in ƙara mata shi har gwiwar hannu.