Doguwar bindigar Fensilbeniya ko Brown Bess: wacce mai tara kayan tarihi zai nema?

Dukkansu bindigogin ƙyastu ne, ƙanƙara ke bugun ƙarfe ta tayar da albarushi, kamar bindigar toka ta maharbanmu. A nan kamannin ya tsaya.

Brown Bess ta sojan Ingila ce, an yi aiki da ita daga 1722 zuwa wajen 1838. Cikin bututunta sumul yake, saboda haka in nisa ya yi yawa sai harsashi ya kauce. An ƙera ta da yawan gaske, kuma tantance ta ba wuya: a duba hatimin kambin sarauta da haruffan GR, wato Sarki George, a jikin makunnin.

Ita kuwa ta Fensilbeniya aikin hannu ce na maƙeran Jamusawa da suka zauna a yankin Lancaster da ke Fensilbeniya ta Amurka a ƙarni na 18. An yi wa cikin bututunta zanen murɗe, shi ya sa take samun abin hari daga yadi 200. Kotarta ta itacen mapul ce mai zane kamar fatar damisa, da ɗan akwatin tagulla a gindi. In aka ga sunan maƙeri irin Jacob Dickert a saman bututu, kuɗinta ya hau.

Sai dai nan ne ake cutar mutane. Da yawa an mayar da su masu hular tartsatsi, wato ɗan murfin da ke tayar da albarushi in an buge shi, bayan 1830, daga baya dillalai suka sake maido da ƙyastun don su sayar da tsada. A duba ramin da wuta ke bi ta kai ga albarushi da kyau, ko an cike shi an sake hudawa.

Ni dai, sabon shiga ya fara da Brown Bess.