Kwas ɗin Google na tafiyar da aiki: abin da ya amfane ni da abin da bai shafe mu ba

Sana'ata haɗa kwamfutoci da intanet a makarantu da ƙananan ofisoshi a Kano, wani lokaci kuma in gina wa mutane shafin yanar gizo. Abokan sana'a sun dame ni da tambaya ko kwas ɗin da Google ta fitar a Coursera, dandalin karatu ta intanet, a 2021 kan tafiyar da aiki ya cancanci kuɗinsa. Na yi shi har ƙarshe. Ya cancanta, sai dai ba takardar shaidar ba ce ribar.

Lokacin da na yi shi kashi shida ne: gabatarwa, yadda ake fara aiki, tsarawa, aiwatarwa, tsarin Agile na yin aiki zango-zango, sai aikin gwaji na ƙarshe. Sun ƙiyasta wata shida ga mai ba shi ƙasa da awa 10 a mako. Biyan wata-wata ake yi, dala 49 a Amurka, don haka duk wanda ya ja ƙafa aljihunsa ne zai ji a jiki. Akwai kuma fom na neman tallafi ga wanda ba shi da hali. Kashin farko na wuce shi da sauri, yawancinsa bayani ne kan wane ne manajan aiki da irin guraben da ake ɗauka.

A kashi na biyu na sami abin da na zo nema. Nan ake koya maka ka rubuta takardar yarjejeniya kafin ka taɓa ko waya ɗaya: me ake son cimmawa, me ke cikin aikin, me ba ya ciki, wa zai sa hannu idan an gama. Tushen maganar shi ne lokaci da kuɗi da faɗin aiki a ɗaure suke da juna, ka ja ɗaya sauran biyun su motsa. Duk wanda ya taɓa yi wa mutanenmu aiki ya san yadda abin yake faɗaɗa. An kira ka ɗakin kwamfuta ɗaya, kafin ka ankara an ce, "Injiniya, tunda kana nan, a ja mana waya zuwa ofishin akanta mana." Gobe kuma kyamarar tsaro a bakin ƙofa. Kuɗi na nan yadda aka yi ciniki, ranar miƙa aiki ma haka, kuma in an makara kai ne mara alkawari.

A wata makaranta mai zaman kanta na fara gwada takardar. Shafi ɗaya ce kacal, na karanta wa mai makarantar ita da Hausa, ya sa hannu yana dariya wai na zama lauya. Ana tsakiyar aiki ya zo da maganar kyamara. Na ce, "Ranka ya daɗe, za a yi. Sai dai ba ta cikin takardarmu, za ta ƙara kwanaki da kuɗin kaya, ga lissafin." Ya gyara gilashi ya duba, ya ce a bar ta sai zango mai zuwa. Ba a ɗaga murya ba, kuma har yau ni yake kira.

Abu na biyu da ya zauna mini shi ne jadawalin rabon nauyi da suke kira RACI: wa zai yi aikin da hannunsa, wa ke da alhakin ƙarshe, wa za a yi shawara da shi, wa za a sanar kawai. Ƙa'idarsu ita ce mai alhakin ƙarshe ya zama mutum ɗaya tak. A wurarenmu kuwa mai gida zai ce a yi kaza, babban ɗansa ya zo da yamma ya ce a sauya, manaja ya bugo da dare da tasa. Jirgi da matuƙa uku ke nan. Yanzu tun ranar farko nake tambaya, cikin ladabi, maganar wa zan bi.

Darasin hasashen matsala ma yana da kyau: ka jera abin da zai iya lalacewa, ka auna yiwuwarsa da girman ɓarnarsa, ka tanadi mafita. Misalansu dai na can ne. Wani kamfani ne da suka ƙago don misali, mai kai wa ofisoshi tsirran ado, sai gidan abinci mai son ɗora kwamfutar hannu a kan tebura don yin oda. Ba za ka ji maganar ɗauke wuta ba, ko dala ta tashi tsakanin ranar ciniki da ranar sayen kaya, ko kayan da ka yo oda daga Ikeja su kwana a hanya. Waɗannan kai za ka cike da kanka. Haka nan sun ɗauka kowa yana karanta imel, alhali ni saƙon murya a WhatsApp ne ke sa a amsa mini.

Agile kuwa, wanda masu rubuta manhaja 17 suka fitar da ƙa'idojinsa a jihar Utah ta Amurka a 2001, ya yi mini amfani a aikin shafin yanar gizo. Ana yanka aiki zango-zango, mako ɗaya zuwa huɗu, a nuna wa mai shi abin da aka yi ya faɗi ra'ayinsa, a riƙa taron minti 15 kullum. A jan waya cikin gini bai da wuri. Ba a fasa bango a ce mako mai zuwa a sake shawara.

Wanda zai shiga ya san cewa kwas ɗin ba ya koyar da fasahar kwamfuta ko kaɗan, tafiyar da aiki ne zalla, kuma da Turanci yake, ko da yake akwai rubutu a ƙasan bidiyo. Na riƙa sauke darussa a waya inda na sami intanet mai arha in kalla da dare. Lokacin da na yi shi, wasu ayyukan ɗalibai ne ke duba na juna, saboda haka kada maki ya ruɗe ka. Takardar shaidar ma ba PMP ba ce, babbar shaidar da PMI, cibiyar ƙwararrun manajojin aiki, ke bayarwa bayan shekarun gogewa da jarrabawa. Amma awannin kwas ɗin sun wadatar da sharaɗin awa 23 na karatu da ake nema kafin zama jarrabawar CAPM, ƙaramar shaidar cibiyar, kuma ita nake tara wa kuɗi yanzu.