Doctor Who: A Fara Daga 1963 Ko Daga 2005?

Wani ɗan'uwa daga Marwa ya yi tambaya cewa an yaba masa shirin Doctor Who, amma da ya bincika sai ya tarar shirin ya girmi mahaifinsa, don haka yana son sanin ko wajibi ne ya faro daga kashin farko na 1963, ko kuwa zai iya shiga daga sabon zubin da aka fara a 2005. Ɗan'uwa, na kalli duka biyun a nan Garwa, kuma shawarata ita ce ka fara daga 2005, amma ba zan so ka karɓa ba tare da ka ga abin da ke kowane ɓangare ba.

Gidan talabijin na BBC ya fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan kisan shugaban Amurka John Kennedy. Labari ne na wani matafiyi da ake kira Dokta, wanda siffarsa ta mutane ce amma daga duniyar Gallifrey ya fito, yana da zuciya biyu, kuma yana yawo tsakanin zamanai da duniyoyi a cikin jirgi mai suna TARDIS, wanda daga waje ɗan shuɗin akwatin wayar 'yan sandan Ingila ne, daga ciki kuwa ya fi gida girma. A 1966 rashin lafiya ya tilasta wa William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dokta, ya ajiye aikin, sai marubutan suka ƙirƙiro dabarar cewa idan ajali ya kusanto Dokta jikinsa yakan sabunta, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali. Wannan dabara ce ta raya shirin har yau, kuma ita ce ta sa tambayarka take da amsa fiye da ɗaya, domin duk lokacin da aka sauya fuska ana buɗe wa sababbin masu kallo ƙofa. Shirin ya fi kama da tatsuniyoyin Gizo fiye da finafinan nan masu dogon zango da idan kashi ɗaya ya wuce ka sai ka rasa kan zance. Babu yaron da ya taɓa ƙin sauraron tatsuniya don bai ji ta farko ba.

Tsohon zubin ya gudana daga 1963 zuwa 1989, zango 26, kashi kusan 700, mafi yawansu na minti 25. Wanda ya ɗauki kashi ɗaya kowane dare zai kai kusan shekara biyu kafin ya gama. Zangon 2005 kuwa kashi 13 ne, kowanne kimanin minti 45, wato ƙasa da awa goma gaba ɗaya, abin da mutum zai kammala cikin mako biyu ya san ko shirin ya karɓe shi. Ga wanda yake sayen data da sefarsa, kuma yake lissafin cajin waya saboda ɗaukewar wuta, wannan bambanci kaɗai ya isa a tsaya a duba.

Sai dai tsawo ba shi ne babbar matsalar farawa daga 1963 ba. Matsalar ita ce hanyar a yanke take. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge faifan shirye-shiryenta don ta sake amfani da su, saboda a lokacin ba a ɗauka wani zai nemi tsohon shiri ba. Sakamakon haka fiye da kashi 90 na shekarun farko sun ɓace, sai muryoyinsu kawai da masu kallo suka naɗa a gidajensu. Wanda ya faro daga tushe zai kalli labari uku lafiya, ya iso na huɗu, wanda ya shafi tafiyar Marco Polo, ya tarar duka kashi bakwai ɗinsa babu ko ɗaya. Hatta kashin da Dokta ya fara sauya fuska yana cikin waɗanda suka salwanta, in ban da ɗan guntun da ya tsira. Wani abin da zai ba mu sha'awa a wannan yanki shi ne cewa BBC ta kasance tana sayar da kwafin shirin ga gidajen talabijin na ƙasashen waje, har da Najeriya, kuma a 2013 aka sanar da gano kashi tara da aka fid da rai da su a ma'ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Na zamanin Patrick Troughton ne, Dokta na biyu, kuma sun yi shekaru masu yawa a ajiye ba wanda ya waiwaye su.

Akwai kuma batun tafiyar labari. Tsohon zubin baƙi da fari ne har zuwa 1969, launi bai shigo ba sai a Janairun 1970 tare da Jon Pertwee, Dokta na uku, kuma an tsara shi ne don a kalli kashi ɗaya a mako, shi ya sa labari guda yakan ci kashi huɗu ko shida, wani lokaci fiye. Kashin farko na 1963 yana da kyau ƙwarai, inda malaman makaranta biyu suka bi ɗalibarsu har wani fili na tarkace suka faɗa cikin TARDIS, amma kashi ukun da suka biyo baya sun ƙare ne a kan mutanen kogo suna jayayya game da kunna wuta. Na san mutum biyu da suka ajiye shirin a daidai wannan wuri, kuma ban ga laifinsu ba.

Zubin 2005, wanda Russell T Davies ya jagoranta, an gina shi ne musamman domin wanda bai taɓa jin sunan Dokta ba. Kashin farko, da aka nuna ranar 26 ga Maris 2005, ya fara ne da Rose, wata budurwa mai aiki a kantin tufafi a Landan, wadda mutum-mutumin tallar kaya suka taso mata. Ba ta san komai ba, kai ma ba ka san komai ba, don haka duk tambayar da za ka yi ita za ta riga ka yi wa Dokta. A hankali ake gabatar da jirgin, da asalin mutumin, da manyan abokan gabarsa Dalek, waɗanda ba su bayyana ba sai a kashi na shida. Ga mu da Faransanci ya fi mana sauƙi fiye da Ingilishi, wannan zubin yana da fassarar murya ta Faransanci, har tashar France 4 ta nuna shi, alhali mafi yawan tsohon sai dai a ji shi da Ingilishin Birtaniya na wancan zamani. Ba zan ɓoye aibinsa ba: dabarun hoton kwamfuta na lokacin sun tsufa, kuma kashi na huɗu da na biyar suna da barkwancin yara da zai iya gundurar babba. Wanda ya daure ya kai kashi na tara da na goma, da suka faru a Landan ta 1941 lokacin ruwan bama-bamai, zai gane dalilin da ya sa ake yaba shirin. Christopher Eccleston, wanda ya fito a matsayin Dokta a 2005, zango ɗaya kawai ya yi, wanda hakan ya zama alheri ga sabon mai kallo, domin zai ga sauyin fuska da idonsa tun kafin ya yi nisa, David Tennant ya karɓa.

Wasu za su ce maka ka tsallake zuwa 2010, lokacin da Matt Smith ya zama Dokta kuma Steven Moffat ya karɓi ragamar rubutu. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuskar kyan hoto, kuma kashin farkon wannan zango yana cikin mafi daɗi a shirin duka. Abin da ya sa ban sa shi gaba ba shi ne labaran Moffat suna da sarƙaƙiya, maganar 'yan wasan tana da sauri, sannan wasu da za ka haɗu da su, kamar River Song, tun 2008 aka gabatar da su. Ƙofa ce mai kyau ga wanda ya gwada 2005 tsufan hoton ya hana shi sakewa.

Tsohon zubin kuwa ba na cewa a yar da shi. Bayan ka saba da Dokta, ka koma ka tsinci labaransa ɗaya bayan ɗaya ba tare da bin jeri ba, musamman na Tom Baker, wanda ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981, fiye da kowa daɗewa. Idan kuma da iyali za ka kalla, ka riƙa duba kashin kai kaɗai tukuna, saboda wasu suna da ban tsoro ga ƙananan yara, kuma sababbin suna ɗauke da al'adun Birtaniya ta yau da ba duka suka dace da tarbiyyar gidajenmu ba.

Ka kula da abu ɗaya wajen nema. Yanzu akwai zango uku da kowanne ake kira na ɗaya: na 1963, da na 2005, da na 2024, lokacin da aka sake ƙirga daga farko tare da sabon Dokta, Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, wanda a zamaninsa har aka yi kashin da ya faru a shagon aski a Legas. Idan ka ce zango na ɗaya kawai, ana iya miƙo maka kowanne daga cikinsu, don haka ka ambaci shekarar 2005 da sunan Eccleston, kuma ka tabbata kashin farko sunansa Rose.