Faifan da rediyon motata ya karɓa bayan na yi asarar hamsin

Motata Corolla ce ƙirar 2003, ƴar Kwatano, kuma rediyon da ta zo da shi ne a cikinta har yau. Ba shi da wurin sa kile (USB), bakin faifan CD kawai gare shi. Yara sun sha ce mini in cire shi in sa na zamani. Na ƙi, don muryarsa tana da daɗi, kuma Baba ya san maɓallansa. Duk ƙarshen wata nakan kai shi Tasawa daga Maradi wajen ƙaninsa, tafiyar kilomita kusan 120, kuma ba abin da yake so a hanya kamar tsofaffin waƙoƙin gurmi da kukuma da ya tashi da su.

Da fari arha ta ja ni. Na shiga babbar kasuwa na sayi tulin faifai 50 a sanda ɗaya, marasa ko suna a jiki. Ɗan ƙanwata ya zuba mana waƙoƙin da kwamfutarsa, muka gwada a gida, lafiya ƙalau. A mota ma sun fara da kyau. Muna wuce Cadawa, wajen waƙa ta tara, sai murya ta fara tsalle tana sarƙewa, kafin Agye rediyo ya tofo faifan waje. Na sa wani, shi ma haka. Baba ya yi shiru can ya ce, "Kai yaro, kashe abin nan. Ba haka mutumin nan yake waƙa ba." Maganar ta tsaya mini a rai har muka dawo Maradi.

Na ɗauka rediyon ne ya mutu, sai na kai shi wurin wani dattijo mai gyara a Sabon Gari. Bai ko kwance shi ba. Ya karɓi faifan ya ɗaga shi saitin rana, ya ce, "Alhaji, matso ka gani." Ta cikinsa ina hango yatsunsa, ga wasu ƙananan huji kamar an tsira da allura. Ya ce faifan da ake zuba wa waƙa a gida wani rini ne a cikinsa, wanda hasken na'ura ke ƙonawa ya bar alama, a bayan rinin kuma akwai siririn ƙarfe mai mayar da haske kamar madubi. In madubin ya yi sirara da yawa, idon kwamfuta zai iya lallaɓawa ya karanta, amma idon rediyon da ya shekara 20 yana shan ƙurar hunturu da girgizar hanya ba zai iya ba. Shi ne kuma ya warware mini dalilin da ya sa waƙoƙin ƙarshe ke fara lalacewa: faifai daga tsakiya ake fara rubuta shi a nufi baki, kuma a bakin ne ƙaramar lanƙwasa ke zama babba.

Ya ce in nemi faifan kamfanin Verbatim, CD-R mai MB 700, wato minti 80, in duba kwalin in ga an rubuta AZO, wato irin rinin da ke cikinsa. Na yi yawo kafin in samu, don masu shago da yawa sun koma sayar da kile da katin waya. Guda 10 na saya, kowane da gidansa na roba, kuma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na wancan sau biyu. Cikinsa shuɗi-shuɗi ne, in ka ɗaga shi rana ba ta ratsa shi kamar na farko. Cikin goman nan ko ɗaya bai lalace wajen zubi ba, kuma da zarar na tura shi, kafin in ɗaura bel ya fara waƙa. Wancan sai ya yi ta juyi yana ƙugi tukuna. Aibinsa biyu a wurina: tsada da wuyar samu. Akwai kuma jabu a kasuwa, don haka ban yarda in sayi wanda aka zare daga kwalinsa ana sayarwa tsirara ba.

Sai dai faifai mai kyau shi kaɗai bai isa ba. A jikinsa an rubuta 52x, iyakar gudun da zai iya ɗauka ke nan, kuma ɗan ƙanwata da wannan gudun yake zubawa don ya gama da wuri. Yanzu na sa shi ya riƙa saukar da gudun Nero, manhajar da yake zubi da ita, zuwa 16x. Minti biyar ko shida ne, ana shan shayi an gama. Dole kuma ya zaɓi Audio CD, ya rufe faifan a ƙarshe. In ya zuba su a matsayin MP3, waƙa fiye da 100 za ta shiga, amma rediyona bai san wannan yaren ba. Mai sabuwar mota ya duba fuskar rediyonsa, in an rubuta MP3 to ya huta.

Wani yaro a shago ya so ya liƙa mini CD-RW, wai ana gogewa a sake. Gaskiya ne ana gogewa, amma hasken da yake mayarwa bai wuce kashi 15 zuwa 25 cikin 100 ba, tsofaffin rediyoyi da yawa ba su ganinsa sam. DVD kuwa girmansu ɗaya da CD, har ana rikita su, amma duk da GB 4.7 ɗinsa ba zai yi ko tari a rediyon mota irin nawa ba. CD-R ɗin da aka rubuta wa "Music" a kwali shi ma ba ya ƙara daɗin sauti, an yi shi ne don na'urar ɗauka ta gida, mai kwamfuta ba ya bukatarsa.

Zafinmu ma ya ci mini guda. A watan Afrilu na manta ɗaya a gaban gilashi na shiga sallar Azahar, na fito na tarar ya lanƙwashe kamar faifan kaba da ya sha ruwa. Wannan laifina ne, ba na faifan ba. Tun ranar a jaka suke, ƙarƙashin kujera. Ba na liƙa musu takarda, don zafi na ɗaye ta a cikin rediyo ta maƙale. Da alƙalamin maka mai taushin baki nake rubutu, a hankali, saboda bayan da ake rubutu a kai ya fi kusa da waƙar fiye da cikin da muke ta kaffa-kaffa da shi. In ya yi ƙura, da tsumma mai laushi nake shafewa daga tsakiya zuwa baki.

Na Baba mai waƙa 14 tun kafin damina yake cikin motar. Ranar Asabar da ta wuce muna ratsa Gazawa waƙa ta ƙarshe ta shigo, wadda bai taɓa ji ta kai ƙarshe a motar nan ba sai da wannan faifan. Ya miƙa hannu ya ƙara murya da kansa, yana bin amshi yana buga gwiwa da yatsu, da ta ƙare ya ce, "Maido ta."