Ajin Turanci na dare a bayan Kasuwar Wunti

Abokan sana'a suna ta tambayata ko ajin Turancin da nake shiga bayan sallar Isha'i ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta, amma ba don kowa ba.

Ɗaki ne guda, benci huɗu, da allo wanda fentinsa ya fara ɓarewa. Yawancinmu teloli ne da 'yan kasuwa, sai wasu 'yan Keke Napep biyu da kullum suke makara. Malamin tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya, kuma ba ya ba da hadda. Tsohuwar jarida yake zuwa da ita, ya zaɓi kalma ɗaya, a kwana a kanta.

Ga misali. Ran Talata ya rubuta irrepressible, ya tsattsaga ta gida uku. Tsakiyarta, repress, daga press ta fito, dannawa ke nan, irin yadda nake danna dutsen guga a kan shadda. Farkonta na korewa ne, kamar a irregular, ƙarshenta kuma yana nuna abin da zai yiwu. Ma'ana dai, abin da ba ya dannuwa. Wani ɗan Keke ya ce, "Malam, ashe kangararre ke nan?" Malam ya ce a'a, kangararre shi ne incorrigible, wanda aka yi wa faɗa har aka gaji. Gobarar da ta fi ƙarfin 'yan kwana-kwana kuwa uncontrollable ce. Ita irrepressible galibi yabo ce: dariyar da ta ƙi ɓoyuwa, yaro mai kuzari, ko mutumin da aka kulle ya fito ya ci gaba daga inda ya tsaya. Nan ya kawo Gani Fawehinmi, lauyan nan na Legas da jaridu suka sha kira da ita, wanda gwamnatin Abacha ta tsare a gidan yarin nan namu na Bauchi a 1996, ya fito bai yi shiru ba har ya rasu a 2009. Wani dattijo ya ce to ai Sa'adu Zungur ma haka yake, Malam ya ce ya rubuta jimla da sunansa. Mu duka muka rubuta.

Wannan salon nake biya wa kuɗi. Yanzu in kwastoma ya turo saƙo da Turanci, ba na kai wa yaron shago waya.

Sai dai akwai gyara. In aka ɗauke wuta, fitilar caji ɗaya ce, na bencin baya ba ya ganin allo. Zafin watan Afrilu a ɗakin nan sai mai haƙuri. Malam kuma ba ya tsayawa a kan rubutun wasiƙa ko cike fom, abin da wasunmu suka fi buƙata. Wanda bai iya karatun boko ba sam, ya fara da ajin yaƙi da jahilci tukuna, domin a nan ba a jiran kowa. Mata ba su da aji har yanzu, maiɗakina ta tambaya, an ce sai bayan Sallah.