Wasiƙa daga Almeriya: kalmomin zuwa aike a gari

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ka gaishe min da Inna da su Baba. Ka tambaye ni yadda hidimar gari take a nan Sifaniya, da kalmomin da za ka fara haddacewa. Gaisuwa a kwana ɗaya za ka iya ta. Wadda za ka riƙe da kyau ita ce "cita previa", wato ranar ganawa da ake ba mutum tun kafin ya je.

A gida in kana da buƙata a sakatariya, sammako kake yi, ka nemi wanda ka sani. Haka na yi a makona na farko. Na tafi "ayuntamiento", sakatariyar gari ke nan, don yin "padrón", rajistar da ke shaida kana zaune a gida kaza, titi kaza. Aka tambaye ni "cita", ba ni da ita, na koma gida. Raina ya ɓaci ranar. Amma da na ɗauki rana ta intanet na dawo, ko minti goma ban yi ba aka gama, kuma ba wanda ya nemi na goro. Kada ka raina takardar nan: da ita ake neman katin asibiti, da ita ake sa yara makaranta.

Asibitin unguwa sunansa "centro de salud". Kemis kuwa "farmacia", za ka gane shi da koren gicciye mai haske a bakin ƙofa. Ba sa ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da "receta", takardar likita, komai roƙonka. Da farko na ga ƙeta ce. Yanzu in na tuna yadda muke sayen kafso biyu-biyu a tire, sai in ce gaskiyarsu.

Sunayen shaguna ba wuya, ƙarshensu ɗaya. "Pan" burodi, "panadería" gidan burodi. "Carne" nama, "carnicería" wurin mahauci, kuma ka duba wadda aka rubuta halal, galibi ta 'yan Maroko ce. In ka shiga ka tarar da mutane a warwatse, akwai layi, ba a ganinsa ne kawai. Sai ka ce "¿Quién es el último?", wa ne ne na ƙarshe? Wata tsohuwa za ta ɗaga hannu, kai kuma ka sa mata ido.

Sikelinsu gaskiya, farashi a rubuce. Sai dai ba tayi, ba "albarka", ba gyara, ko leda sai ka biya. Ba kuma mai shagon da zai buɗe littafi ya rubuta maka bashi zuwa ƙarshen wata. Wannan wallahi ina kewarsa, don mai shagon unguwarmu ya sha rufa mana asiri. Ƙananan shaguna suna rufewa daga wajen ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma, ranar Lahadi kuma yawanci a kulle suke.

Wani abu ya faranta min rai. Shugaban gari sunansa "alcalde", daga kalmar Larabcin da ta ba mu alƙali. Sukari kuma "azúcar". Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar nan daga 711 zuwa 1492, kuma ganuwar Alcazaba da aka soma ginawa a 955 tana nan a kan dutse, tana kallon teku.

Kuɗin Inna na tura daga "locutorio", shagon da muke aika kuɗi da kiran waya. Manja da garin rogo ina samu a shagunan 'yan Afirka, kuka da daddawa ne suke wuya. In ka sami mai tahowa, ka ba shi su. Kilishi kam kada ka sa, "aduana", wato kwastan, ba sa barin nama daga wajen Tarayyar Turai ya shigo.

Yayanka